Mai Dokar Barci Ya Ɓuge da Gyangyaɗi: Waiwaye a Kan Rushewar Bankuna a Nijeriya

A nan garinmu Nasarawa Burkullu, cikin ƙasar Bukkuyum, mun taso mun iske wani dattijo, tsohon falken shanu, wanda har Allah ya karɓi abinsa bai rabu da wani ɗan littafin ajiyar banki da yake sakawa cikin gafaka tare da takardun gonarsa ba. A shafin ƙarshe da aka yi wa rubutu akwai kuɗin bijimai huɗu da ya sayar, ya kai wani ƙaramin bankin al'umma da aka buɗe a wani gari da ke kusa da mu. Ran nan ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa, kuma tun daga ranar bai sake ganin ko kwabo ba. Duk wanda ya kawo masa zancen banki sai ya zaro littafin ya miƙa masa, ya ce shi manajan da ya gudu bai dame shi ba, domin ɓarawo aikinsa ya yi. Abin da yake so a gaya masa shi ne, su waɗanda suka ba bankin takardar izni, suka ce wa jama'a su kawo kuɗi, ina suka shiga? A lokacin muna 'yan makaranta, dariya kawai muke yi. Yau da girma ya zo muka ɗan leƙa tarihi, mun gane cewa tsohon nan ya yi tambayar da ƙasar nan ta shafe fiye da shekara saba'in tana kauce wa.

A harkar banki mutum uku ne ke tsaye. Akwai mai ajiya, akwai mai banki, sannan akwai hukumar da gwamnati ta ɗora wa alhakin sa ido, wadda za mu iya kira mai gadi. Idan banki ya rushe, mai ajiya yakan ji zafin a ranar. Mai banki yakan ji nasa bayan shekaru, in ma ya ji. Shi kuwa mai gadi, shi ne ke fitowa ya karanta sanarwa, ya kama mai laifi, a yi masa tafi, ba wanda zai ce masa: kai ina kake lokacin da ake fasa rumbun? A kan wannan na ukun muke so mu fi tsayawa.

Kafin zuwan banki ba a rasa masu riƙon kuɗin jama'a a ƙasar Hausa ba. Fataken goro masu zuwa Gwanja sukan sauka a gidan fatoma, su damƙa masa kaya da kuɗi, ya sayar, ya ba da bashi da sunansu, ya karɓo. Mata suna da uwar adashi, kamar yadda suke da ita har gobe. Abin da ke tsare amana a wannan tsari shi ne, mai riƙon kuɗin yana da gida a cikin gari, yana da surukai, yana da sahun da yake tsayawa a masallaci. In ya ci amana, alƙali na kusa, kunya kuma ta fi alƙalin kusa. Banki ya zo da wani abu dabam: ka ba da kuɗinka ga wanda ba ka san ubansa ba, ya tura su birnin da ba ka taɓa zuwa ba. Abin da ya maye gurbin sanayya shi ne lasisin gwamnati da ke rataye a bango. Ke nan duk wanda ya sa hannu a wannan takarda ya tsaya wa bankin, ko ya sani ko bai sani ba.

Zamanin da babu mai gadi

Bankin Turawa na farko da ya yi ƙarko a ƙasar nan shi ne Bank of British West Africa, wanda ya fara aiki a Ikko a 1894, shi ne kakan First Bank. Kamfanonin Turawa da gwamnatin mulkin mallaka yake wa hidima, baƙar fata kuwa da wuya ya sami rance. Wannan ya sa 'yan ƙasa suka fara kafa nasu. Na farko, Industrial and Commercial Bank, an buɗe shi a 1929, bai wuce 1930 ba ya mutu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abin ya zama yayi. A wancan lokaci babu wata doka ta musamman a kan banki; duk wanda ya yi rajistar kamfani, ya kama hayar shago, ya rubuta allo, to ya zama mai banki.

A 1948 gwamnati ta sa wani jami'in Bankin Ingila mai suna Paton ya binciki lamarin, kuma daga rahotonsa aka fitar da dokar banki ta farko a 1952. Dokar ta ce sai da lasisi, kuma bankin 'yan ƙasa sai ya nuna jarin da aka biya na fam 12,500. Amma dokar ta zo ne bayan ɓarna ta yi nisa. Zuwa 1954, daga cikin bankunan 'yan ƙasa 25, guda 21 sun rushe, kuma babu wata hukuma da aka tanada don ta biya masu ajiya. Daga nan aka kafa al'adar da za mu yi ta gani tana maimaita kanta, wato ihu bayan hari: sai an yi asara a rubuta doka.

Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira shi ne African Continental Bank na Dokta Nnamdi Azikiwe, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe sunan nan, domin za mu sake haɗuwa da shi. Azikiwe yana Firimiyan Jihar Gabas aka zuba kuɗin gwamnatin jihar masu yawa a cikin bankin, alhali shi da danginsa suna da hannun jari a ciki, kamfanoninsa kuma suna cin bashi a can. Wani ɗan majalisa, E. O. Eyo, ya tayar da maganar, aka kafa kotun bincike a 1956 ƙarƙashin Babban Jojin Tarayya, Foster-Sutton. Rahoton ya fito a farkon 1957, ya nuna cewa abin da Firimiya ya yi bai dace da mai riƙon amanar jama'a ba. To, me ya biyo baya? Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe, jam'iyyarsa ta lashe, bankin ya koma hannun gwamnatin jiha, magana ta mutu. Wannan shi ne karo na farko da aka kai laifin banki gaban akwatin zaɓe maimakon gaban alƙali.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, kuma ɗan ƙasa na farko da ya zama gwamnansa shi ne Alhaji Aliyu Mai-Bornu, a 1963. Daga nan har tsakiyar shekarun 1980 ba a ji ƙarar faɗuwar banki sosai ba, ba don komai lafiya yake ba, sai don yawancin bankunan gwamnati ce ke da su ko take da babban kaso, kuma kuɗin man fetur yana toshe duk wata kafa.

Shekarun tsarin gyaran tattalin arziki

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin gyaran tattalin arziki, aka sassauta ba da lasisi. Bankuna da ba su fi arba'in da 'yan kai ba suka kai kusan 120 zuwa 1992. Ƙasar ba ta ninka noma sau uku ba, ba ta ninka masana'antu sau uku ba. To me waɗannan bankuna suke ci? Da yawansu kuɗin waje suke ci. Banki zai sayi dala a hannun Babban Banki a farashin gwamnati, ya zagaya ya sayar a kasuwar bayan fage, ya kwashi riba ba tare da ya ba manomi ko ɗaya rance ba. Hanya ta biyu ita ce daraktoci su ba kansu bashi, ko su ba kamfanonin da suka buɗe da sunan mata da 'ya'ya, ba jingina, ba niyyar biya. A bankunan jihohi kuwa gwamnatocin da suka mallake su ne manyan masu cin bashin. Idan lokacin kai rahoto ga hukuma ya yi, sai a rubuta wannan mataccen bashi a matsayin mai rai, a lissafa ruwan da ba a karɓa ba a matsayin riba, a raba wa juna.

Gwamnati ta kafa hukumar inshorar kuɗin ajiya, wadda aka fi sani da NDIC, da Doka ta 22 ta 1988, ta fara aiki a 1989, da alkawarin biyan kowane mai ajiya abin da bai wuce naira 50,000 ba idan bankinsa ya mutu. A 1989 ɗin ne kuma aka ba hukumomin gwamnati umurnin su kwashe kuɗinsu daga bankunan kasuwanci su mayar Babban Banki. Nan take asirin da yawa ya tonu, domin ashe da kuɗin gwamnati suke numfashi. Wato tun 1989 masu sa ido sun san waɗanda ke kwance. Amma ba a soke lasisin kowa ba sai 1994, lokacin da aka rufe huɗu, aka ƙara da Republic Bank a 1995. Sauran kuwa aka bar su ƙofa a buɗe, ana ta kai musu ajiya, har ranar 16 ga Janairu, 1998, da aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya, cikinsu har da Allied Bank da Commerce Bank da Highland Bank da Lobi Bank.

Mai karatu ya lura da abin da jinkirin nan ya jawo. A 1988 naira 50,000 ta haura dala dubu goma. A 1998, a farashin kasuwa, ba ta kai dala ɗari bakwai ba. Ba a ƙara adadin ba sai 2006, da aka mayar da shi naira 200,000. Wanda ya tara kuɗin aikin Hajji ko na gina gida ya sami abin da ya samu, sauran kuma aka ce ya jira a sayar da kadarorin banki. Su kuwa bankunan al'umma, irin wanda ya cinye bijiman dattijonmu, an fara su ne a Disamba 1990 da bankin Alheri na Tudun Wadar Kaduna, aka sa su ƙarƙashin wata hukuma tasu ta dabam, kuma inshorar nan ba ta shafe su ba sam. Bankin da ya fi kusa da talakan ƙauye shi ne wanda aka bari ba rumfa.

Domin adalci, hannun Babban Banki a ɗaure yake ta wani ɓangaren. A ƙarƙashin dokar bankuna ta 1991, soke lasisi sai da amincewar shugaban ƙasa, kuma masu bankunan nan yawancinsu manyan mutane ne, tsofaffin hafsoshi da 'yan siyasa da attajirai masu shiga fada ba sallama. Amma wannan uzuri ne da ya kamata a faɗa a gaban kwamitin bincike, a rubuta, a san wanda ya kai rahoto da wanda ya danne shi. Ba mu ga an yi hakan a bainar jama'a ba.

Abin da aka yi shi ne Doka ta 18 ta 1994, wadda gwamnatin Janar Abacha ta kafa kotuna na musamman da ita domin bankunan da suka durƙushe, ɗaya daga cikinsu tana zama a Kano. Dokar tana da kaifi ƙwarai. Alƙali ɗaya ne ke zama. Ana iya yi wa mutum shari'a ko da ya gudu ƙasar waje. Ba a ɓuya a bayan sunan kamfani, domin kotu na iya bin darakta har gidansa da gonarsa. Beli kuwa sai an ajiye rabin kuɗin da ake tuhuma a kai. A karon farko a tarihin ƙasar nan aka ga manyan manajoji da attajirai, waɗanda jiya ake kirari da sunansu a wurin biki, suna saukowa daga baƙar motar fursuna. Mun tuna yadda dattawa ke kewaye rediyo da yamma suna jin labarin, ana cewa yau dai an taɓa waɗanda ba a taɓawa. An karɓo wasu kuɗi, an ɗaure wasu mutane, kuma na ɗan lokaci tsoro ya shiga.

Sai dai abin yana da illa biyu. Ta farko, an tsare mutane shekara biyu, shekara uku ba a gama shari'arsu ba, wasu ma ba a fara ba, kuma aka riƙa zargin cewa ana zaɓar wanda za a kama gwargwadon yadda yake da gwamnati. Ta biyu, wadda ta fi muni, ƙarfin dokar ya dogara ne ga ƙarfin mutum ɗaya. Da Abacha ya rasu a Yunin 1998 sai iskar ta kwanta, aka saki da yawa, kuma a Mayun 1999 aka rushe kotunan aka mayar da shari'un Babbar Kotun Tarayya, inda mafi yawansu suka yi barci.

A nan ya kamata mu ɗan leƙa waje, domin a waɗannan shekaru ne aka yi wata babbar rushewa da ta shafi duniya, kuma tana da reshe a ƙasarmu. Ranar 5 ga Yuli, 1991, Bankin Ingila da takwarorinsa na wasu ƙasashe suka rufe BCCI, bankin da wani ɗan Pakistan, Agha Hasan Abedi, ya kafa a 1972, bayan an gano cewa an shafe shekaru ana ɓoye asara da littattafan ƙarya. Reshensa na Nijeriya, wanda Alhaji Ibrahim Dasuki ya shugabanci hukumar daraktocinsa kafin ya zama Sarkin Musulmi, bai faɗi tare da uwar ba. An sake masa suna African International Bank. Shi Abedi ya mutu a Karachi a 1995 ba a gurfanar da shi a Ingila ko Amurka ba, saboda haka ba za mu ce can ma an kama kowane mai laifi ba. Abin lura shi ne yadda aka yi da mai gadi. Gwamnatin Ingila ta sa wani babban alƙali, Bingham, ya binciki Bankin Ingila kansa, rahoton ya fito a 1992 yana nuna sakacinsa. Bayan 'yan shekaru aka karɓe aikin sa ido a kan bankuna daga hannunsa aka ba wata hukuma. Masu karɓo haƙƙin masu ajiya kuma suka kai shi ƙara. Sun janye ƙarar a 2005 ba su ci nasara ba, amma an zaunar da mai gadin, an buɗe takardunsa, an ce ya yi bayani.

Daga Gamji zuwa Oceanic

Mutanen tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta har 1996, ba za su manta da Bankin Gamji ba, bankin gwamnatin jiha da aka raɗa wa kirarin Sardauna. Daga baya an sake masa suna International Trust Bank. A ranar 6 ga Yuli, 2004, Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ba da sanarwar cewa kowane banki sai ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, guda 14 suka rasa mafaka aka soke su. A cikin wannan haɗe-haɗe ne Oceanic Bank ya haɗiye magajin Gamji, Bankin Arewa na Kano kuma ya narke cikin Unity Bank. Aka ce mana yanzu bankuna sun yi ƙarfin da ba za su faɗi ba.

Kuɗi ya yi musu yawa, sai suka zuba shi a kasuwar hannun jari da harkar shigo da man fetur. Wasu suka riƙa ba mutane bashi don su sayi hannun jarin bankin da ya ba su bashin, farashi ya yi ta hawa a kan iska. A wancan lokaci har a ɗakunan malamai na makarantunmu ana yawo da takardun sayen hannun jari, kuma ba za mu ɓoye ba, wasunmu sun saka albashinsu. Da kasuwar ta faɗi a 2008, ta rasa kusan kashi saba'in cikin ɗari na darajarta. Babban Banki ya buɗe wata taga ta ba da rancen gaggawa, wasu bankuna suka tare a bakinta, amma a fili ana ta cewa lafiya lau.

Malam Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi Babban Banki a Yunin 2009, ya tura masu bincike. Ranar 14 ga Agusta ya kori shugabannin bankuna biyar: Oceanic, Intercontinental, Afribank, Finbank da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. A Oktoba ya ƙara da na Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust, kuɗin ceto ya kai biliyan 620. Aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu, hukumar EFCC ta shiga kame.

Bari mu bi sawun hukuncin. Uwargida Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi uku a Oktoban 2010 bisa yarjejeniya da masu ƙara. Aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 191, kotu kuma ta yarda a mayar da ita asibiti. Kadarorin ba kaɗan ba ne, amma duk wanda ya san abin da ake yanke wa ɓarawon akuya a kotunanmu na ƙauye zai yi shiru ya girgiza kai. Erastus Akingbola na Intercontinental, wata kotu a Landan ta umurce shi a 2012 ya biya kimanin fam miliyan 654. A gida kuwa a shekarar aka kori ƙararsa saboda sakacin masu gabatar da ita, sai a 2018 Kotun Ƙoli ta ce a koma a yi shari'ar. Okey Nwosu na Finbank an same shi da laifi a Janairun 2021. Francis Atuche na Bank PHB an same shi da laifi a Yunin 2021, shekara goma sha biyu bayan korarsa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. A gefe guda, tsohon shugaban Bankin Arewa, Shettima Bulama, wanda aka riga aka yanke wa hukunci, yana cikin waɗanda Shugaba Jonathan ya yi wa afuwa a Maris na 2013. Mataccen bashin kuwa, wanda ya haura naira tiriliyan uku, an kafa hukumar AMCON a 2010 ta saye shi, wato nauyin ya koma wuyan ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma akwai wani abu da ya faru a Kano wanda a ganinmu ya fi duk waɗannan shari'u muhimmanci, ko da yake ba a cika tuna shi ba. A Fabrairun 2010 Malam Sanusi ya gabatar da lacca a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Bayero a kan abin da ya lalata bankunan. Ya ba da labarin bankin da ya ci bashi ya sayi jiragen sama aka yi musu rajista da sunan ɗan shugabansa, da wanda ya buɗe kamfanonin bogi kusan ɗari. Sannan ya juya kan gidan da yake shugabanta. Ya nuna cewa sashen sa ido na Babban Banki ba a tsara shi yadda zai iya aikin ba, ba a hukunta masu karya ƙa'ida yadda ya kamata, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin manyan matsalolin. Wannan ikirari ne daga bakin mai gadi da kansa, a gaban shaidu. Mun ga waɗanda suka rubuta rahoton ƙarya a gaban alƙali, amma ba mu ga waɗanda suka karɓi rahoton shekara da shekaru suka buga masa hatimi ba. ('Yan'uwa marubuta masu neman jigo, ga shi nan a banza: jami'in da ya ga ramin, ya rubuta, aka ce ya sake rubutawa.)

Kada kuma a ɗauka laifin mai gadi barci ne kawai. Wani lokaci yakan farka ya sari wanda bai kamata ba. A Fabrairun 2002 Babban Banki ya soke lasisin Savannah Bank. Bayan shekara bakwai, a Fabrairun 2009, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a yi sokewar da kyakkyawar niyya ba, ta ba da umurnin a mayar da lasisin, a biya diyya. Masu ajiya kuwa sun riga sun yi shekara bakwai suna kallon ƙofa a rufe.

Lokacin da abin ya iso ƙofarmu

Yawancin abin da muka zayyana a Ikko da Abuja aka yi shi, mu dai labari muke ji. Amma a farkon 2023 kowa a ƙasar Bukkuyum da Anka da Gummi ya san akwai wani abu wai shi Babban Banki. A Oktoban 2022 Gwamna Godwin Emefiele ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. A yankin da mutum zai yi tafiya mai nisa, a kan hanyar da ba tsaro, kafin ya ga reshen banki, wannan ba ƙaramin bala'i ba ne. Mun ga manomi ya kawo buhun gero kasuwa ya koma da shi, mun ga an karyar da farashin akuya don kawai mai saye yana da tsabar kuɗi a hannu, mun ga mutum yana sayen nairarsa da naira a wurin masu na'urar cire kuɗi. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara kai Gwamnatin Tarayya ƙara, kuma ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta ce ba a bi ƙa'ida ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki.

Ranar 9 ga Yuni, 2023, sabon shugaban ƙasa ya dakatar da Emefiele, kashegari jami'an tsaro suka kama shi, daga baya aka gurfanar da shi a kotuna a kan tuhume-tuhume da dama, waɗanda ya musanta. Wani zai ce to ga shi an tambayi mai gadi. Haka ne, amma a duba lokacin. Duk shekarun da Babban Banki ke ba gwamnati rancen da ya zarce iyakar da doka ta gindaya, har ya kai naira tiriliyan 22.7, akwai majalisar dokoki, akwai hukumar daraktoci, akwai masu binciken kuɗi, kuma a Mayun 2023 majalisar ce ta amince a mayar da kuɗin bashi na dogon zango. Ba a taɓa shi ba sai da wanda ya sake naɗa shi ya sauka. Shi ma Malam Sanusi an dakatar da shi a Fabrairun 2014, bisa zargin sakaci da kuɗi, amma bayan ya ce akwai dala biliyan 20 na man fetur da ba su shiga asusu ba. A duka biyun, tambayar ta zo ne a ranar da mai gadi ya rasa inuwar fada.

Mun ce mai karatu ya riƙe sunan African Continental Bank. Bankin nan na Azikiwe ya durƙushe a shekarun 1990, hukuma ta karɓe shi, aka sayar. A haɗakar 2005 ya shiga cikin Spring Bank. Spring Bank na cikin waɗanda aka kori shugabanninsu a 2009, a Agustan 2011 aka soke lasisinsa aka mayar da shi Enterprise Bank. A 2014 Heritage Bank ya saye shi. Shi kuma Heritage an gina shi ne a kan lasisin Societe Generale Bank, wanda shi ma ya taɓa durƙushewa. Ranar 3 ga Yuni, 2024, Babban Banki ya soke lasisin Heritage. Sanarwar ta ce an ɗauki lokaci ana ba bankin matakan gyara abin ya faskara, kuma a duk tsawon wannan lokaci ƙofofinsa a buɗe suke ana karɓar ajiya. NDIC ta biya kowane mai ajiya har zuwa naira miliyan 5, adadin da aka ɗaga a shekarar. Waɗanda kuɗinsu ya haura haka aka ce su jira a sayar da kadarori, kuma a kason farko da aka raba musu a Afrilun 2025, kowace naira ta sami kwabo tara da 'yan kai.